Amsoshin Tambayoyinku: Littattafan Tarihin Yaƙi, Sarauta, Fatauci da Addini

Wasiƙun wannan wata sun karkata ne wajen littattafan tarihi, musamman irin waɗanda ake rubutawa domin kowa da kowa ya karanta. Na zaɓi biyar daga cikinsu, na taƙaita gaisuwar da ke kansu saboda ƙarancin fili, da fatan masu su za su yi mini afuwa.

Daga wani malamin sakandare a Gusau: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da tarihi, kuma kusan kowane littafi na ɗauka sai in tarar an rubuta cewa Bagauda ya fara sarautar Kano a shekarar 999. Wani ɗalibina ya tambaye ni wanda ya rubuta wannan shekara a wancan zamani, na rasa abin da zan ce masa. Daga ina aka samo ta?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka riƙe wannan ɗalibi da kyau, domin ya taɓo inda manyan masana suka daɗe suna gardama. Babu wanda ya rubuta 999 a zamanin Bagauda. Tushen labarin shi ne littafin nan na Larabci da ake kira Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Sarkin Kano Muhammadu Bello, abin da ya sa masana da yawa suke ganin a ƙarshen ƙarni na 19 aka harhaɗa shi daga waƙoƙin fada, kirarin sarakuna da tsofaffin takardu. Marubucin bai ba da shekarar hawan kowa ba, abin da yakan ce kawai shi ne wane ya yi shekara kaza yana sarauta. Da H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka wanda daga baya ya zama Laftanan Gwamnan Arewa, ya fassara littafin zuwa Turanci a 1908, sai ya kama daga lokacin da aka tabbatar, wato faɗuwar Sarki Alwali a 1807, ya yi ta ɗebe shekarun kowane sarki yana komawa baya har ya isa kan Bagauda, lissafi ya tsaya a kan 389 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 999.

Ka ga ke nan idan an ƙara wa sarki ɗaya shekara goma, ko an manta da wani sarki da bai daɗe ba, ko an haɗe sarakuna biyu masu suna ɗaya, duk lissafin da ke bayansa ya goce. Bagauda kansa shekara 66 aka ba shi. Ga kuma wata shaida daga cikin gida: Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun kawo Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda Palmer ya sanya tsakanin 1349 da 1385, amma wani littafin Larabci da aka rubuta wajen 1650 a kan asalin Wangarawan Kano ya ce shugabansu, Shehu Abdurrahman Zaite, ya iso ne a zamanin Muhammadu Rumfa, wato an sami tazarar kusan shekara ɗari tsakanin ruwayoyin biyu.

Wannan bai rage wa littafin daraja ba ko kaɗan a wurina. A cikinsa ne muke jin cewa a zamanin Kananeji aka fara samun lifidi da kwalkwali da sulke, a zamanin Abdullahi Burja aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, a zamanin Yakubu Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da lugga, Asbinawa kuma suka wadata ƙasa da gishiri, sannan Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi. Wanda ya bi waɗannan a jere zai ga yadda kayan yaƙi da fatauci da ilimi suka riƙa shigowa ta hanya ɗaya. Abin da za ka gaya wa ɗalibinka shi ne jerin sarakunan da abubuwan da suka faru sun fi shekarun ƙarfi, kuma daga Rumfa zuwa gaba shekarun suna ƙara inganta saboda akwai shaidu daga waje, kamar zuwan Shehu Maghili Kano wajen 1492. Mutane kuwa sun riga Bagauda zama a wurin da nisa, domin an tono alamun narka tama a Dutsen Dala da suka kai ƙarni na 7.

Daga wani dattijo a Maraɗi: Malam, duk littafin jihadi da ya zo hannuna daga bakin Sakkwato yake magana. Kakanninmu Katsinawa da Gobirawa kullum su ne 'yan tawaye, su ne masu kai hari. Shin babu littafin da ya saurari namu ɓangaren?

Allah ya ƙara maka lafiya, Baba. Koken naka yana da tushe, kuma dalilinsa a fili yake. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo malamai ne masu alƙalami, sun rubuta tarihinsu tun ƙurar yaƙi ba ta kwanta ba. Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, shekara huɗu kacal bayan cin Alƙalawa da mutuwar Sarkin Gobir Yunfa a 1808, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya haɗa Tazyinul Waraƙati a 1813. Fadar Gobir ba ta bar mana littafi makamancin waɗannan ba, nata tarihin yana bakin makaɗa da maroƙa da dattawan fada. Saboda haka duk wanda ya zo rubuta labarin hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ko yaƙin Tabkin Kwatto, ko Tsuntsuwa, ko Alwasa, dole ya ɗebi ruwa daga rijiyar Sakkwato.

Sai dai zan roƙe ka kada ka yi watsi da waɗannan littattafai, domin akwai muryar abokan hamayya a cikinsu fiye da yadda ake zato. Bello da kansa ya kwafo wasiƙun Shehu Muhammadul Amin Elkanemi na Barno ya sa a cikin Infaƙul Maisuri, inda Elkanemi yake kafa hujja cewa abubuwan da ake tuhumar mutanen Barno da su, irin su cin hanci da zaluncin mahukunta da fitar mata babu lulluɓi, saɓo ne wanda bai kai kafirci ba, sannan Bello ya biyo da raddinsa. Mai karatu yana iya auna hujjojin biyu da kansa. Malam Abdullahi kuma, a cikin waƙoƙinsa na Larabci, ya yi kuka da waɗanda suka mayar da jihadi neman mulki da ƙwaraƙwarai da tufafi da dawaki, har ya bar runduna a 1807 da niyyar tafiya gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a nan ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki bisa shari'a. Ban san mai suka daga waje da ya faɗi abin da ya fi wannan zafi ba.

Daga cikin littattafan zamani, na Murray Last da ya fito a 1967 shi ne aka fi komawa gare shi a kan daular Sakkwato, kuma ƙarfinsa ya zo ne daga takardun gidan Waziri Junaidu, don haka shi ma daga tsakiyar daula yake hangen gefenta. Wanda ya fi kusa da abin da kake nema shi ne na marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. Ya saurari dattawa a ɓangarorin iyaka biyu, ya kuma ƙi yarda da fassarar da Turawan mulki suka yaɗa cewa jihadi faɗa ne tsakanin Fulani da Hausawa. Hujja tana tare da shi, domin Malam Abdussalami na Gimbana, wanda kama jama'arsa ya hura wutar rikici tsakanin Shehu da Yunfa, Bahaushe ne Ba'are, kuma shi ɗin ne ya saɓa da Bello bayan rasuwar Shehu a 1817 har aka yaƙe shi. Ka nemi kuma rubuce-rubucen Farfesa Djibo Hamani a kan Adar da Abzin, tun da kuna karanta Faransanci a can, da tarihin Abuja ta dā, wato Suleja ta yanzu, wanda Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa daga bakin zuriyar sarakunan Zazzau da jihadi ya kora.

Abin da ya rage kuwa aikinku ne, Baba. Yadda Ɗan Kasawa ya kafa sarautar Katsinawa a Maraɗi, da abin da ya faru a Gawakuke a 1836 inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama, da kafuwar Tsibiri, da hare-haren Ɗan Baskore, duk akwai tsofaffin da suka ji su daga kakanninsu. Kowace waya yanzu tana ɗaukar murya, ka sa jikokinka su zauna da waɗannan tsofaffi, su rubuta sunan garin da wanda aka ji labarin daga gare shi.

Daga wata ɗaliba a Zariya: Malam, na karanta cewa Mansa Musa na Mali shi ne mafi arziki a tarihin duniya, wai dukiyarsa ta kai dala biliyan 400, kuma ya tafi hajji da mutum 60,000. Gaskiya ne?

'Yata, hajjin gaskiya ne, an yi shi a 1324, kuma marubutan Masar da Sham sun ba da labarinsa. Dala biliyan 400 kuwa lissafi ne na 'yan intanet na wannan zamani, babu wata takarda ta wancan lokaci da ta ƙididdige dukiyarsa balle a juya ta zuwa dala. Abin da muke da shi mai ƙarfi shi ne shaidar al-Umari, marubuci ɗan Sham, wanda ya bincika labarin a Alƙahira wajen shekara goma sha biyu bayan wucewar sarkin, ya ce kafin zuwansa miskalin zinariya ba ya kasa dirhami 25, bayan zuwansa kuwa bai ƙara wuce 22 ba. Wannan faɗuwar farashi ce ta gaske, amma ba ta kai rugujewar tattalin arzikin Masar da wasu littattafai suke zuzutawa ba. Akwai kuma ɓangaren da ba a cika faɗa ba: a kan hanyar dawowa guzuri ya ƙare masa, sai da ya ci bashi wurin attajiran Masar, har ɗaya daga cikinsu, Sirajuddin ɗan Kuwaik, ya biyo sawun kuɗinsa ya rasu a Tambutu, inda Ibn Battuta ya ga kabarinsa a tafiyarsa ta Mali ta 1352 zuwa 1353.

Adadin 60,000 ya fito ne daga Tarikhus Sudan na Abdurrahman Sa'adi, wanda aka rubuta a Tambutu wajen 1655, fiye da shekara 300 bayan hajjin, alhali wani littafin makamancinsa, Tarikhul Fattash, ya ce mutum 8,000 ne. Ki tambayi kanki rijiyoyi nawa ne a Sahara za su shayar da mutum 60,000 da raƙumansu a zango ɗaya. Irin wannan tambaya Ibn Khaldun ya koyar a farkon Muƙaddimarsa ta 1377, inda ya ƙi karɓar ruwayar Mas'udi cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salam, sun kai 600,000, yana mai cewa sahun runduna irin wannan zai wuce inda ido yake gani, ta yadda ɓangare ɗaya ba zai san halin da ɗaya yake ciki ba. Duk inda kika ga adadin mayaƙa ko na gawawwaki a littafin yaƙi, ki duba ko marubucin ya faɗi wanda ya ƙirga, da kuma ribar da mai ƙirgar zai samu idan adadin ya kumbura.

Daga wani ɗan kasuwa a zangon Kumasi: Malam, kakan mahaifina fataucin goro ne ya kawo shi Gwanja daga ƙasar Kano, bai koma ba. Littattafan da nake gani duk na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Fatake ba su da tarihi ne?

Suna da shi, Alhaji, kuma a ganina ya fi na fada daɗin karatu. Littafin Paul Lovejoy na 1980 a kan ayarin goro na Hausawa daga 1700 zuwa 1900 shi ne zai fi yi maka amfani, domin ya zauna da tsofaffin fatake da 'ya'yansu a Kano da wasu garuruwa ya ɗauki bayaninsu. A nan za ka ga cewa gidaje uku ne suka riƙe wannan fatauci, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kuma idan ka binciki tsagar gidanku da garin da kakanku ya fito, mai yiwuwa ka gano cikin waɗanda kuke. Za ka ga tsarin ayari, madugu ne shugaba mai yanke shawara da sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, jagaba yana gaba, ubandawaki yana kula da biyan kuɗi, ga malamin ayari mai duba ranar tashi da riƙe lissafi. Sukan ɗora wa jakuna da takarkarai kanwa da baƙin rini da turkuɗi da kayan fata da busasshiyar albasa, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga, inda Asante suke kawo goro. Wahalar tana dawowa ne, domin goro ba ya son zafi ba ya son bushewa, sai an riƙa kwance huhu a zango ana tsince wanda ya fara lalacewa, ana yayyafa ruwa, ana sake naɗe shi da ɗanyen ganye, wata da watanni, kafin a kai shi Kurmi a sayar da shi ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya goro ɗari.

Shi ma Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya bar mana lissafin da babu irinsa. Ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, ya ce tufafin Kano da ake kai wa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara, masu darajar wuri miliyan 60. Wurin nan kuwa da ake ciniki da shi daga tsibiran Maldibis na Tekun Indiya ake kawo shi. Farfesa Mahdi Adamu, a littafinsa na 1978 a kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma, ya bi sawun zangon da fatake da malamai suka kafa, irin wanda kake zaune a ciki. Dalilin da ya sa kakanku bai koma ba ma yana iya kasancewa cikin tarihin: bayan Ingila ta ci Asante a 1874 Salaga ta fita daga hannun Kumasi, yaƙin basasa na 1892 ya watse kasuwarta, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi da Ankara, daga baya goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko da jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911. Alhaji Alhassan Ɗantata, Ba'agale daga Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan sabuwar hanya.

Kada littafin fatauci ya ɓoye maka cewa har da mutane ake sayarwa a waɗannan kasuwanni. Domin jin yadda abin yake daga ƙasa, ka karanta labarin Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877, Mary Smith ta rubuta maganarta aka buga a 1954. Tana ba da labarin yadda mahara suka kama danginta da yadda aka yi ta tara kuɗin fansa, cikin harshen tsohuwa mai ba jikoki labari.

Daga wani ma'aikacin banki a Kaduna: Malam, an ba ni kyautar littafin William Dalrymple na 2019 a kan Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila. Yana da kauri ƙwarai. Me ya haɗa ni da tarihin Indiya da zan ɓata lokaci a kansa?

Ka karanta shi, Malam, za ka ga gida a ciki. Labari ne na kamfanin 'yan kasuwa da aka ba izinin ciniki a 1600, ya ɗauki sojojin haya daga 'yan ƙasa, ya ci yaƙin Falasi a 1757 da taimakon masu ba da rance da wani kwamanda da ya ci amanar sarkinsa, sannan a 1765 ya karɓi ikon tara harajin Bengal daga hannun sarkin Mugal, har sai bayan boren 1857 gwamnatin Ingila ta karɓe mulkin da kanta. Yanzu ka dubo namu. Kamfanin Neja na George Goldie ya sami takardar izinin sarauniya a 1886, ya kafa rundunarsa, ya ci Bida da Ilori a 1897, sannan gwamnati ta biya shi fam 865,000 ta karɓi ƙasar, Lugard ya ɗaga tuta a Lokoja ranar 1 ga Janairun 1900. Lugard ɗin nan a Indiya aka haife shi, ya kuma yi wa kamfanin Goldie aiki a Bargu a 1894, shekara tara kafin sojojinsa su shiga Kano da Sakkwato a 1903 su bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi.

Marubucin gwanin ba da labari ne, kuma ya yi amfani da tarihin da mutanen fadar Mugal suka rubuta da Farisanci, abin da ya ba littafin armashi. Rauninsa irin na littattafan da ake rubuta wa jama'a ne, wato ya fi zama a fada da fagen fama, manomi da masaƙi ba su cika samun fili ba. Shawara ɗaya zan ƙara: idan ka ci karo da kwafin irin waɗannan littattafai masu araha a bakin titi, ka buɗe bayansu kafin ka biya. Na taɓa sayen wani a tasha, sai da na je gida na tarar an yanke shafukan ƙarshe gaba ɗaya, inda marubucin ya nuna wuraren da ya samo kowace magana, domin a rage kuɗin takarda.